Annoba, Addu'a da Ruwan Warkarwa: Asalin Ikilisiyoyin Aladura a Ƙasar Yarbawa

Annobar mura mai tsanani da ta game duniya a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya ta shigo Legas ta jiragen ruwa a watan Satumba na 1918, daga nan ta bi layin dogo da hanyoyin fatauci ta bazu cikin ƙasa, har masana tarihi suka ƙiyasta cewa ta hallaka mutane wajen 500,000 a Nijeriya. Asibitocin Turawa ƙalilan ne a lokacin, kuma ba su da maganin cutar, masu maganin gargajiya ma abin ya fi ƙarfinsu, sannan hukumar mulkin mallaka ta rufe wuraren taruwar jama'a a garuruwa da dama, har da majami'u, domin rage yaɗuwarta. Kiristocin da aka rufe wa ƙofar ibada a daidai lokacin da suka fi bukatarta sai suka koma taruwa a gidaje suna roƙon Allah, kuma daga irin waɗannan taruka ne aka sami tushen ikilisiyoyin da ake kira Aladura, wato masu addu'a da Yarbanci.

Ƙungiyar da ta fi shahara a wannan mataki na farko ta taso ne a cocin St. Saviour na Angilika da ke Ijebu-Ode, ƙarƙashin jagorancin wani maƙerin zinariya mai suna Joseph Shadare, tare da wata matashiyar malamar makaranta, Sophia Odunlami, wadda ta ce an nuna mata cikin wahayi cewa ruwan sama da aka yi wa addu'a ya isa magani ga masu fama da annobar. Ƙungiyar, wadda aka sani da suna Precious Stone, ta rabu da cocin Angilika a 1922 saboda saɓani kan yi wa jarirai baftisma da kuma dogaro da mafarki da wahayi, bayan haka ta haɗa kai da wata ikilisiya ta birnin Filadelfiya a Amurka mai suna Faith Tabernacle, wadda ƙasidunta suke isowa ta gidan waya zuwa hannun akawuna irin su David Odubanjo a Legas. Koyarwar wannan ikilisiya ita ce warkarwa ta wurin bangaskiya kaɗai, ma'ana mai bi ba zai sha magani kowane iri ba, na boka ko na likita, hujjarsu kuwa ita ce umarnin da ke sura ta biyar ta wasiƙar Yaƙub, inda aka ce dattawan ikilisiya su yi wa mara lafiya addu'a su shafa masa mai.

Dalilin da ya sa wannan koyarwa mai tsauri ta sami karɓuwa ya wuce tsoron annoba. A al'adar Yarbawa ta da, wanda ciwo ya kama yakan je wurin babalawo, wato mai duba na addinin Ifa, wanda zai gaya masa musabbabin ciwon, ya ba shi magani, ya kuma faɗa masa hadayar da zai miƙa, saboda haka jinya da ibada abu ɗaya ne a wurinsu. 'Yan mishan sun raba waɗannan biyu, suka bar wa fasto rai, suka miƙa wa likita jiki, alhali likitan yana nesa da yawancin jama'a, kuma ba shi da abin cewa game da maita ko rashin haihuwa ko mugun mafarki. Sakamakon haka shi ne Kiristoci da yawa suna zuwa coci ranar Lahadi, idan dare ya yi kuma su lallaɓa gidan mai duba. Shugabannin Aladura sun ɗauki wannan hali a matsayin abin kunya ga bangaskiya, suka tsaya a kan cewa idan Almasihu ya warkar da kutare da makafi, to wajibi ne ikilisiyarsa ta ɗauki nauyin mai ciwo, kuma a nan ganinsu ya fi na 'yan mishan zurfi.

Wasu rassa biyu sun fito a shekarun da suka biyo baya, wato Kerubim da Serafim, wadda Moses Orimolade da Christiana Abiodun Akinsowon suka kafa a Legas a 1925, wadda aka san mabiyanta da fararen riguna, da kuma Ikilisiyar Ubangiji ta Josiah Ositelu, wadda ta kafu a Ogere a 1930. Amma abin da ya mayar da harkar ta dubban jama'a ya faru ne a Ilesha. Joseph Ayo Babalola, wanda aka haifa a Odo-Owa a 1904, direban injin daɓe hanya ne a sashen ayyuka na gwamnati, kuma a watan Oktoba na 1928, yana bakin aiki kusa da Ikeji-Arakeji, ya ce ya ji murya tana umartarsa ya bar aikin ya shiga wa'azi. A watan Yuli na 1930, lokacin da faɗuwar farashin koko ta jefa manoma cikin ƙunci, ya halarci taron shugabannin Faith Tabernacle a unguwar Oke-Ooye da ke Ilesha, inda mabiyansa suka ba da shaida cewa ya ta da wani yaro da ya mutu. Labarin ya bazu, mutane suka yi ta tururuwa daga garuruwa masu nisa ɗauke da kwalabe domin ya tsarkake musu ruwa, wanda suke kira omi iye, wato ruwan rai, ana tara layu da gumaka ana ƙonawa, har majinyata suka riƙa barin gadajensu a asibitin mishan na Wesley Guild suna tafiya wurinsa.

Hukumar mulkin mallaka ba ta ji daɗin wannan taro ba, likitocin mishan ma sun yi ƙorafi, kuma a 1932 an ɗaure Babalola wata shida a birnin Benin bisa zargin cewa wa'azinsa ya jawo jifan wasu mutane da maita. Tun kafin ɗaurin, neman kariya daga irin wannan matsi yana cikin dalilan da suka sa shugabannin Faith Tabernacle na Nijeriya suka gayyato ikilisiyar Apostolic ta Birtaniya, wadda wakilanta suka iso Legas a 1931. Zaman bai daɗe ba ya yi tsami, domin an gano cewa Turawan suna shan kwinin, maganin da ke kare su daga zazzaɓin cizon sauro. Su Turawan suna ganin rigakafi daban yake da magani, kuma ba tare da shi ba kabari ne ke jiransu, su kuwa Odubanjo da Babalola da Isaac Akinyele, wanda daga baya ya zama Olubadan na Ibadan, suna ganin ba za su iya hana talaka saiwar kakanninsa ba alhali malaminsa yana haɗiyar ƙwaya a ɗaki. Hujjar kowane ɓangare tana da nauyi, sai dai ta 'yan ƙasa ta ƙunshi tambayar da Turawan ba su amsa ba, wato wane ne yake da ikon yanke abin da ya halatta. An rabu a wajajen 1940, kuma ɓangaren da ya ƙi magani shi ne ya zama Christ Apostolic Church.

Akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa Yarbawa sun kai waɗannan ikilisiyoyi arewa tun da wuri, inda suka kafu a unguwannin Sabon Gari na Kano da Zariya, da kuma Kaduna da Jos. Tsananin ƙin magani ya yi sauƙi bayan rasuwar Babalola a Ede a 1959, kuma a yau mabiya da yawa suna haɗa asibiti da addu'a ba tare da ganin saɓani a ciki ba. Inda tsohuwar koyarwar ta fi daɗewa shi ne wajen haihuwa, domin Christ Apostolic Church ta buɗe gidajen haihuwa a harabar majami'unta, ta kuma horar da ungozomomi masu karɓar haihuwa da addu'a da ruwan da aka tsarkake. Mata da yawa suna zaɓar waɗannan gidaje saboda sauƙin kuɗi da kulawar da suke samu, ma'aikatan lafiya kuwa suna kokawa, da gaskiyarsu, kan jinkirin da akan yi kafin a kai mai doguwar naƙuda ko mai zubar jini asibiti.