DAGA TODA ZUWA TUMUR: MAI SULHU YA FARA DA ZUCIYARSA



Ya ɗan'uwa mai karatu, a watan Oktoba na 1991 rikicin manoma da makiyaya a Toda, cikin jihar Maraɗi, ya ci rayuka fiye da 100, mafi yawansu mata da yara. A watan Maris na 1993 Nijar ta kafa dokar tsarin karkara, wadda ta samar da hukumomin kula da filaye da ake kira Kofo. Doka ta kuma ɗora wa sarakunan gargajiya nauyin sasanta irin wannan jayayya kafin ta kai gaban alƙali.

Wannan nauyi yana nan a kanmu a jihar Diffa. Idan garken da ya gangaro daga dajin Tumur ya faɗa gonar tattasai a bakin Komadugu, wa ake kira? Maigari, arɗo, liman da malamin gona. Doka ta faɗa musu abin da za su auna, amma zuciyar mai awon ba ta hannun doka.

Musulunci ya riga ya kula da wannan. Sahabi Abu Bakra (RA) ya aika wa ɗansa wasiƙa a Sijistan, yana gargaɗinsa kada ya yi hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi, domin ya ji Manzon Allah (SAW) ya hana. Bukhari da Muslim sun ruwaito. Malamai suka yi ƙiyasin matsananciyar yunwa, ƙishirwa da gyangyaɗi a kan fushi, domin duk suna dagula tunani.

Saboda haka, ko kai sarki ne, ko likita, ko shugaban kasuwa, kafin ka tsaya tsakanin masu husuma ka tambayi kanka: Raina a ɓace yake? Ɗayansu dangina ne, ko harshenmu ɗaya? Na yanke hukunci a zuci tun ban ji ɗaya ɓangaren ba? Idan ka ji muryarka ta fara tashi, ka nemi tsarin Allah daga Shaiɗan, ka zauna, ka yi alwala. Idan abin ya ƙi, ka ɗage zaman ko ka miƙa shi ga wani. Yin haka ba gazawa ba ne, riƙon amana ne.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.