Shehu

Shehu (suna, namiji, jam'i: shehunnai). Daga Larabci *shaikh*, wato dattijo ko babban malami.

1. Malamin da ya tumbatsa a ilimi, musamman jagoran ɗariƙa.

2. Laƙabin duk yaron da aka raɗa wa suna Usman. Wannan ya samo asali ne daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754–1817), jagoran jihadin 1804, wanda girmansa ya sa laƙabin ya manne wa sunan. Iyaye kan ji nauyin kiran Usman gatsal, balle idan sunan kaka ne, sai su sakaya. Kyakkyawar alkunya ce. Shehu Shagari, shugaban Najeriya daga 1979 zuwa 1983, Usman ne sunansa na yanka.

3. Sarautar Borno: Shehun Borno.