Kala: Haƙƙin Talaka a Gonar Mai Arziki

Duk wanda ya tashi a karkara ya san mata da yara masu bin gona bayan girbi suna kalar gyaɗa ko wake. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a tsohuwar Isra'ila kala doka ce rubutacciya. A cikin Attaura, Littafin Firistoci 19:9-10 ya hana manomi girbe gonarsa har bakin iyaka, ya kuma hana shi komawa tsintar abin da ya zube. Maimaitawar Shari'a 24:19-21 ta ƙara da damin da aka manta a gona, da ragowar zaitun da inabi, duka na baƙo ne da maraya da gwauruwa. Ƙarfin wannan al'ada, a ganina, shi ne ta raba taimako da ganin damar mai dukiya. Talaka ba ya miƙa ƙoƙon bara, rabonsa yake shiga ya ɗauka.

Malaman Yahudawa da suka tattara Mishna, kundin dokokinsu, wajen shekara ta 200 Miladiyya haka suka fahimci maganar, har suka ware mata babi guda. Sun ce gefen gonar da za a bari kada ya gaza kashi 1 cikin 60. Zangarniya ɗaya ko biyu da suka faɗi na mai kala ne, idan uku ne a haɗe, na mai gona. Sun hana talakawa shiga da lauje don kada a sari juna wajen wawaso, sun kuma ɗauki manomin da ya bar wani ya kori wani a matsayin mai ƙwace wa matalauta. Ba a yi wa kyauta irin wannan ƙididdiga, sai bashi.

Wani zai ce wannan koya wa mutane zaman kashe wando ne. Labarin Rut na Littafi Mai Tsarki ya isa amsa: baƙuwa ce daga Mowab, mijinta ya rasu, ta wuni a duƙe a gonar Bo'aza a Baitalami, da yamma ta sussuke sha'irinta da hannunta ta kai wa surukarta Na'omi. Ƙorafin da ya fi wannan nauyi shi ne na masu cewa alkawarin albarka ga zuriyar mai bayarwa, kamar yadda yake a Zabura 37 da 112, ya mai da alheri ciniki. Amma a lura da yadda labarin ya ƙare. Bo'aza bai sami ƙarin rumbu ba. Ya auri mai kalar, ta haifi Obida, kakan Sarki Dawuda. Albarkar ta biyo ta hanyar shigar da bare cikin dangi, abin da ba ɗan kasuwar da zai iya lissafa ribarsa tun farko.

Gaskiya ne Attaura ba ta yanka tara ga wanda ya ƙi ba, kuma kukan Annabi Amos a kan masu tattake matalauta ya nuna an sha yin biris. Duk da haka al'adar ta yi tsawon rai har ta ƙetara Turai. A Faransa, dokar sarki ta 1554 ta halatta kala ga tsofaffi da marasa ƙarfi. A Ingila kuwa, wani manomi a Suffolk ya kai wata mai kala, Mary Houghton, ƙara, kuma a 1788 kotu ta yanke cewa babu mai haƙƙin kala sai da izinin mai gona. Mata sun ci gaba da kala shekaru da dama bayan hukuncin, amma daga ranar abin ya koma alfarma, mai gona na iya hanawa duk lokacin da ya so.