Asalin Kalma: Arba'in

Kalmar "arba'in" aro ce daga Larabci. Ta shigo tare da ashirin da talatin, ta ture tsohuwar ƙidayar "gomiya huɗu". A bakin mata kuwa ta wuce lissafi: in an ce "ta yi arba'in", ana nufin mai jego ta cika kwanakin da ake ɗauke mata aiki, a dafa mata, a riƙe mata jariri. Wani zai ce daga fiƙihu adadin ya fito, alhali Malikiyya ta kai iyakar jinin biƙi kwana 60. Hanafiyya da Hambaliyya ne suka ce 40. Likitoci ma kwana 42 suke ba jikin mace ya murmure.

Masu sukar wannan al'ada suna kawo wankan jego da kunun kanwa, waɗanda binciken likitoci a Zariya a shekarun 1970 ya danganta da ciwon zuciya. Gaskiya ne, amma laifin tafasasshen ruwa da kanwa ne. Hutun, da 'yan'uwa masu lura da zubar jini ko damuwar uwa, su ya kamata a riƙe.