Attajiran Yahudawa na Fustat da Takardun Sadakarsu

A ƙarni na 11 Yahudawan Fustat, tsohuwar Alƙahira, sun dogara ga attajiransu, irin su Nahray ɗan Nissim mutumin Ƙairawan. Masu hali kan bar wa majami'a gidaje wakafi, su tara gudummawa. Da wannan ake gyaran ginin, a biya malaman marayu, a raba wa matalauta gurasa kowace Talata da Jumma'a. Mun san haka domin sun rubuta lissafinsu da Larabci cikin baƙaƙen Ibrananci, wato nasu ajamin, suka adana a majami'ar Ben Ezra, inda Solomon Schechter ya kwashi mafi yawansu zuwa Kambirij a 1897. Takardun ajamin da suka rage a gidajen fataken Tasawa da Mayahi kuwa, muddin ba a tattara su ba, gara ce magajiyarsu.