Fara Koya wa Ɗalibai Rubutun Bulog a Aji: Nazari kan Matsayin Mai Karatu

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda malami zai shigar da ɗalibansa rubutun bulog, bisa nazarin ayyuka biyu, ɗaya a Amurka, ɗaya a Ingila. Matsayarta ita ce shafin aji yana rayuwa ne idan akwai masu karantawa suna mayar da martani, saboda haka da koyar da sharhi ya kamata a fara.

Gabatarwa

Buɗe bulog ya daɗe da zama abu mai sauƙi. Blogger ya fito a 1999, WordPress a 2003, sannan a 2005 James Farmer ya kafa Edublogs a Ostireliya musamman domin malamai da ɗalibai. Inda gizo ke saƙa shi ne bayan an buɗe. Sau da yawa ɗalibai kan yi ɗoki a makon farko, daga nan shafin ya yi tsit. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: yaron da ya san malaminsa kaɗai zai karanta, jinga kawai yake yi, ko a takarda ko a kwamfuta.

Ayyukan da aka nazarta

Will Richardson, malamin adabi a sakandaren Hunterdon Central da ke jihar New Jersey, ya buɗe wa ɗalibansa bulog a 2002 don tattauna littafin The Secret Life of Bees na Sue Monk Kidd. Marubuciyar da kanta ta shigo ta amsa tambayoyinsu. Wannan ya sauya matsayin ɗalibin gaba ɗaya. Wanda ya san mai littafin na iya ganin abin da ya faɗa, dole ya koma shafin da ya kafa hujja da shi ya sake dubawa kafin ya wallafa. Richardson ya faɗaɗa bayanin wannan hanya a littafinsa na 2006 kan amfani da bulog da makamantansa a aji.

Ba kowane malami ke samun marubuci ya leƙo ajinsa ba, kuma nan ne dabarar David Mitchell, wanda ya koyar a firamaren Heathfield da ke Bolton a Ingila, ta fi amfani. Tsarinsa mai suna QuadBlogging yana haɗa azuzuwa huɗu. Kowane mako aji ɗaya ne a tsakiya, sauran ukun su karanta rubutunsa su yi sharhi, har layi ya zagayo kan kowa. A ganina wannan ya fi dacewa da mai farawa, domin an tanadi masu karatu tun kafin a rubuta kalma ɗaya.

Abin da ya fito fili

Sharhi fasaha ce da sai an koya. Idan aka bar yara, «ya yi kyau» kawai za su rubuta su wuce. Malami zai iya liƙa gajeren rubutu a allo, ya raba 'yan takardu, kowa ya rubuta jimlar da ta burge shi da tambaya ɗaya ga marubucin, a karanta a fili, a ware wanda ke jawo amsa daga wanda ke kashe magana. Wannan darasi ba ya buƙatar wuta ko data. Bayansa sai shafi ɗaya na aji, malami na tantance komai kafin ya fita. Shafin kowane ɗalibi ya jira sai hannu ya faɗa.

Malamin Hausa yana da ƙarin aiki biyu. Ya tabbatar allon rubutun wayar da za a yi amfani da ita na da ɓ da ɗ da ƙ, don kada yara su saba da zubar da ƙugiya. Sannan ya nemi izinin iyaye, kamar yadda Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta tanada game da bayanan yara, kuma kada a haɗa cikakken sunan yaro da hotonsa a shafin.