Jijiyoyin Kai 12 da Asibitin Tudun Wada: Waiwaye Kan Tarihin Wani Ilmi

Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe yana karanta littattafanmu na hikaya ya saba da wasu mutane uku: yaron da ya tashi daga jinya ya zama kurma, da matar da ta wayi gari bakinta ya karkace, da kuturun da ya makance a ƙarshen rayuwarsa. Mu marubuta mukan kawo su domin mu sa mai karatu tausayi ko tsoro, sau da yawa kuma mu jingina abin ga sammu ko iska, mu wuce abinmu. Alhali kuwa su ukun nan abu ɗaya ya haɗa su, watau taɓuwar wata daga cikin jijiyoyin da suka fito daga ƙwaƙwalwa. A wannan maƙala za mu bi diddigin yadda aka san waɗannan jijiyoyi, da yadda ilminsu ya sauka a Tudun Wadan Zariya, sa'an nan mu dubi abin da ya rataya a wuyanmu.

Tun farko dai akwai matsalar kalma. Bahaushe na kiran hanyar jini jijiya, ya kira agara jijiya, ya kira saiwar itace jijiya. Wadda muke nufi a nan ba ta ɗaukar jini. Farin zare ce mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓa, ta kuma komo da labari. Saboda haka za mu kira ta jijiyar saƙo. Mafi yawan irinta daga lakar gadon baya suke fitowa, amma akwai 12, kowace dama da hagu, waɗanda suke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, su bi ta ƙananan kafofin ƙoƙon kai. Su ne jijiyoyin kai.

Daga Bakwai Zuwa Goma Sha Biyu

Ba rana ɗaya aka kai ga wannan adadi ba. Jalinus, likitan Girka da ya yi zamani a Rum a ƙarni na 2 bayan Annabi Isa (AS), ya ƙidaya 7, kuma dabbobi ya riƙa feɗewa, ba mutane ba. An ruwaito yadda yakan yanke wata jijiya a wuyan alade mai tsananin ihu a gaban jama'a, nan take muryar ta ɗauke alhali dabbar na numfashi, domin ya nuna cewa daga ƙwaƙwalwa umurnin murya yake fitowa, ba daga zuciya ba. A ƙarni na 9 Hunainu ɗan Is'haƙa ya fassara ayyukansa zuwa Larabci a Bagadaza, Ibn Sina kuma, wanda ya rasu a 1037, ya bi ƙidayar 7 ɗin a cikin littafinsa Al-Ƙanun. Likitocin Musulmi na wancan zamani sun san karkacewar baki sarai, suna kiranta "laƙwa", suna kuma neman sanadinta a cikin jiki.

Ƙidayar Jalinus ta yi sama da shekara dubu ana bin ta. A 1664 Thomas Willis na Ingila ya mai da su 9. Sai a 1778 wani ɗalibi Bajamushe ɗan shekara 23, Samuel Soemmerring, ya rarrabe waɗanda aka cuɗanya, ya tsai da su 12, kuma lissafinsa ake karantarwa har yau. A 1821 Charles Bell ya nuna, ta hanyar gwaji a kan jaki, cewa jijiyar da ke motsa fuska dabam take da wadda ke jin taɓi a fuskar.

Ga su a taƙaice. Ta 1 ta sansana ce, ta 2 ta gani. Ta 3 da ta 4 da ta 6 su ke juya ƙwayar ido, ta 3 kuma ita ke ɗaga fatar ido. Ta 5 ita ke jin taɓi da zafi a fuska da ido da haƙora, ita ke sa tauna. Ta 7 ita ce ta murmushi da ɗaure fuska da rufe ido da zubar hawaye. Ta 8 ta ji ce da tsayuwa ba tangaɗi. Ta 9 da ta 10 suna kula da haɗiya, ta 10 ɗin kuwa ita ce ta murya, ita ce kuma matafiyiya wadda ke gangarawa har zuciya da hanji. Ta 11 na juya wuya da ɗaga kafaɗa, ta 12 na sarrafa harshe. Ashe ke nan duk kayan aikin marubuci, daga kallon masoya har zuwa harara da tsaki, a kan waɗannan zaruruwa suke.

Saukar Ilmin a Tudun Wada

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, a 1967 kuma aka buɗe sashenta na koyon aikin likita. Babban asibitin da ke Tudun Wada, tsakanin birni da Sabon Gari, shi ya zama wurin koyarwa, tare da na Kaduna da na Malumfashi. Ɗalibi yakan haddace jijiyoyin 12 a aji, amma sai a gefen gadon majiyyaci yake ganin aikinsu: a haska ido da tocila, a ce wa mutum ya bi yatsa da kallo, ya yaƙe haƙora, ya ɗaga gira, ya fito da harshe. Cikin 'yan mintoci, ba tare da wata na'ura ba, an zagaye su duka.

Babban malamin da ya koyar da wannan darasi a Zariya shi ne sanƙarau. Tun 1905 aka rubuta labarin annobarsa a ƙasar Arewa, kuma lokacin bazara yake tashi kafin saukar damina. Ƙwayar cutar na kumbura tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, mugunya ta taru a gindinta, daidai inda jijiyoyin suke fitowa. In ta taɓa ta 6, sai ido ya karkato wajen hanci, yaro ya zama harara-garke. In ta shiga can cikin kunne ta ɓata tushen ta 8, ji ya tafi, galibi kuma ba ya dawowa. Wanda abin ya same shi kafin ya iya magana, shi ne ake kira bebe.

Daga 1970 zuwa 1980 Dokta Brian Greenwood ya zauna Zariya yana nazarin wannan cuta tare da Dokta Hilton Whittle da likitoci 'yan ƙasa, a sashen da Farfesa Eldryd Parry ya shugabanta har 1977. A shekarar 1977 ɗin annoba ta faɗa wa Zariya, suka bi ta daki-daki suka rubuta. A cikin rahotannin da aka buga a 1979 akwai wanda sunan Dokta Sadiq Wali ke gaba, wanda ya nuna cewa allura ɗaya ta wani magani mai maiƙo, mai daɗewa a jiki, na iya warkar da majiyyaci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙauyen da ba shi da ma'aikacin da zai yi ta allura dare da rana, kuma an daɗe ana amfani da wannan hanya a annobobin Afirka. Duk da haka a 1996 cutar ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, sama da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya, ban da waɗanda suka rayu da kurumta. Sabuwar allurar rigakafi ta fara aiki a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta iso Nijeriya a 2011, ta karya lagon nau'in da ya fi ɓarna, ko da yake wani nau'in ya tashi a Zamfara da Sakkwato a 2017. A 2005 aka mai da babban aikin asibitin koyarwa zuwa Shika.

Sauran Mutum Biyun

Matar da bakinta ya karkace kuwa, wadda ake cewa aljani ya mare ta, jijiyarta ta 7 ce ta kumbura a cikin matsattsiyar kafar ƙashi kusa da kunne. Gefe ɗaya na fuska ya saki tun daga goshi har haɓa, ido ya ƙi rufuwa. Mafi yawan masu wannan lalura kan warke cikin makonni ko 'yan watanni, in an kare idon daga bushewa an kuma nemi magani da wuri. Amma in bakin ya karkace alhali goshi na tattarewa, ga hannu ko ƙafa ta yi nauyi, ga magana ta sarƙe, to wannan shanyewar ɓarin jiki ce daga cikin ƙwaƙwalwa, kuma kowace sa'a da aka ɓata a gida asara ce.

Shi ko kuturu, ƙwayar cutarsa jijiyoyi take ci. In ta taɓa ta 7 ido ya kasa rufuwa, in ta taɓa ta 5 ya daina jin ƙura a cikinsa, ya yi ta rauni mai shi bai sani ba har ya makance. Yau kuturta na warkewa da magani, kuma a Saye, kusa da Zariya, akwai cibiyar horar da ma'aikatanta.

Kammalawa

Ba mu ce a kori aljani daga hikaya ba, domin adabi na da 'yancinsa. Abin da muke cewa shi ne, akwai uwar da ba za ta taɓa buɗe littafin likita ba, amma tana karanta namu, ko ana karanta mata a rediyo. In kullum a labaranmu wuyan da ya sanƙare wajen boka ake kai shi, to mun koya mata jinkiri, jinkirin nan kuwa kan cinye kunnen ɗanta ko ransa. Rashin sani ya fi dare duhu.

A garin nan na Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, inda su Alhaji Abubakar Imam suka sa Hausa ta ɗauki sababbin abubuwan zamani ba tare da ta rasa daɗinta ba. Jijiyoyin nan 12 har yanzu ba su da tsayayyun sunaye na Hausa da kowa ya yarda da su. Muna kira ga 'yan'uwa marubuta da likitocinmu masu jin harshen da su zauna su raɗa musu. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa alƙalumanmu su amfani jama'a, amin.